Hutu a Jos cikin Agusta: yadda ake cin kasuwa da cin abinci a ranar ruwa

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto cewa: "Ni da maigidana da yaranmu uku za mu yi hutun kwana uku a Jos cikin watan Agusta. An ce mana ruwa ba ya ɗaukewa a lokacin. Idan muka wayi gari ana ruwa, ina za mu je sayayya, wace tsaraba ya kamata mu saya, kuma me za mu ci wanda ba zai ɓata wa yara ciki ba?"

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, amma kada wannan ya sa ku fasa tafiyar. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, ruwan da ke sauka a can kuma yakan kai milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara. Yuli da Agusta su ne kan gaba, kowannensu yana samun kusan milimita 300. Da rana zafi bai cika wuce digiri 24 ko 25 ba, da dare ya sauko wajen 17. Ga yaron da ya taso a Kano wannan sanyi ne sosai, balle in rigarsa ta jiƙe iska ta buso. Abin da zai gyara muku ranar shi ne ku jera ta bisa halin ruwan: kasuwar fili da safe, wuri mai rufi daga azahar, kayan gwari kuwa a bar su sai safiyar komawa gida.

Ruwan iri biyu ne, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai na hadari, wanda yawanci yakan haɗo daga gabas bayan azahar. Gari zai yi duhu, wata iska mai sanyi ta taso ta fara kwashe ledoji, 'yan kasuwa su shiga jan tamfol a kan kayansu. Daga tasowar iskar zuwa saukar ruwa bai fi minti 10 ko 15 ba, don haka da kin ga masu tebur sun fara rufe kaya, ki bar ciniki ki nemi rumfa. Irin wannan yakan zuba da ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara, ya ɗauke cikin awa ɗaya ko biyu. Na biyun shi ne wanda Agusta ta fi shahara da shi: yayyafi mai naci, ya tsaya ya dawo, ya wuni yana yi rana ba ta leƙo ba. Shi wannan ba a jiransa. Wanda ya ce sai ya ɗauke zai fita, a ɗakin otal zai ƙare hutunsa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na kwana uku, ki duba da daddare, amma ki fi yarda da abin da idonki ya gani a sama da safe.

In ana tsawa, ki ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 daidai take da nisan kilomita 1. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, ku shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, kada ku fake a gindin bishiya, kuma kada ku fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Saboda haka hawan duwatsun Shere ba na ranar ruwa ba ne. Haka ma tafkunan da haƙar kuza ta bari, irin na Rayfield: suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, ga santsi da damina. A riƙe hannun yara a wurin.

Kan shiri, abin da ya fi wahalar da baƙi shi ne ƙafa. Layukan kasuwa sukan zama caɓi, silifas na cafkewa a taɓo ya kuma fantsamo shi a bayan zane, takalmin fata kuma in ya sha ruwa ba zai bushe ba har ku bar garin. Takalmin roba mai rufi, wanda tafinsa ke da zane mai kama ƙasa, shi ne daidai, a haɗa wa kowane yaro safa biyu ta canji a jaka. Yara a sa musu rigar ruwa mai hula, domin lema a hannun yaro cikin cunkoso tsokane ido take yi, iska kuma ta juye ta. Ke da maigida lema babba ɗaya ɗaya ta wadatar. Ki zaɓi hijabi mara kauri wanda bai ja ƙasa ba, a sa suwaita daga ciki. A guji wandon jins, in ya jiƙe yakan kwana biyu a kan igiya a wannan watan bai bushe ba. Kuɗi da waya a ƙulle su a leda. Ki riƙe tsabar kuɗi masu ɗan yawa da canji, saboda in hadari ya taso wuta kan ɗauke, sabis ya yi rauni, a cire miki kuɗi a na'urar POS ba su shiga wa mai kaya ba, ki tsaya jayayya cikin ruwa. Waya in ta faɗa ruwa a kashe ta nan take, kada a sa ta a caji sai ta bushe sarai.

An hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru shekaru da dama, keke da tasi ne abin hawa. Ku biyar ne, ga kaya, don haka in ba da motarku kuka zo ba, ku ɗauki shatar tasi ta wuni, a yanke kuɗi tun kafin a tashi. In keke za ku hau, ku zaɓi mai labulen leda a gefe, yara su zauna tsakiya. Ga maigida in shi ke tuƙi: ruwa mai gudu da ya kai tsayin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Idan mota ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, domin in injin ya zuƙi ruwa ta mashigar iska, tayarwar ce ke lanƙwasa ƙarafunsa. Unguwannin da ke bakin kogin Dilimi sun fi ko'ina saurin cika. A watan Yulin 2012 ambaliya ta ci mutane fiye da 30 a wajejen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo bayan ruwan dare ɗaya. In kuka iske gada ta shafe da ruwa, ku juya.

To, safiya. Ku karya da wuri, ku kasance a kasuwa wajen ƙarfe 8 da rabi, ku yi niyyar fitowa kafin 12. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone tun watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwarta suka bazu a shaguna da layukan kewaye, irin su titin Ahmadu Bello da Rwang Pam da Murtala Mohammed. Wannan yankin yana da daɗin bi a ranar yayyafi saboda shagunan a jere suke, da yawansu da baranda, kana fita wannan ka faɗa wancan. Ki lura da ranaku: ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke, ranar Juma'a kuma ana toshe hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci gab da lokacin salla.

Atamfa da shadda da leshi kam, wadda ta fito daga garin Kantin Kwari ba ta da dalilin sayensu a Jos. Abin da Jos ta fi Kano a sutura shi ne kayan sanyi, saboda mutanen garin suna bukatarsu kusan duk shekara: jaket, suwaita, hular sanyi, bargo, safa mai kauri. Gwanjonsu a kasuwar Katako da ke Laranto ake samu da yawa, kuma saye a Agusta don hunturun Kano dabara ce mai kyau. Sai dai damina na da nata sharrin a kan gwanjo. Rumfunan duhu gare su in gari ya lumshe, don haka ki fito da rigar bakin ƙofa ki duba ta a haske. Ki ja zif sama da ƙasa sau biyu, ki duba hammata da bakin hannu da cikin aljihu, sannan ki shinshina. Warin dila daban, wanki na fitar da shi. Warin ruma kuwa, musamman in da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wuya ko a shafin ciki, fumfuna ce ta kama zaren, kuma ba ta cika fita ba ko an wanke. Ki ajiye irin wannan ko da an karya miki kuɗi. Wanda kika saya a wanke shi a goge kafin ya taɓa fatar yaro. Shi ya sa ya kamata rigar sanyin da za su sa a kwanakin nan ta zo daga gida.

A Katako ɗin ki nemi acca, domin ita ce tsarabar da ruwa ba ya hana saye kuma ba ta lalacewa a hanya. A Agusta yawanci ta bara ce ke kasuwa, sabuwa sai damina ta ja baya, saboda haka a duba ta da kyau. Ki damƙi kaɗan ki saki: ta kirki za ta zube warwas, wadda ta sha danshi za ta dunƙule, kuma hancinki zai gaya miki. Ki sa 'yan ƙwayoyi a haƙori ki ji yawan yashin. Babu accar da ba ta da yashi, ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, amma wata ta fi wata, kuma wadda aka riga aka wanke aka busar ta fi tsada don ta rage miki aiki. A gida ana rairaye ta da ƙwarya biyu, ana tsiyayewa a hankali yashin na kwantawa a ƙasa, sau 4 ko 5 har ki daina jin ƙaras-ƙaras a gindin ƙwaryar. In za ki dafa ta wara-wara, kofi 1 na acca kofi 2 na ruwa, minti 5 a wuta kaɗan, a rufe ta turara. Mudu 3 ko 4 sun isa gida da maƙwabta. A sa ta a leda biyu kafin a fito da ita cikin yayyafi.

Kilishi da kayan fata su ma danshi ne abokin gabarsu. Kilishin da ya bushe yana karyewa da ƙara. In yana lanƙwasuwa kamar tsumma ya sha laima, kwana kaɗan zai yi fari-fari. Jaka ko takalmin fata, ko na masu sana'ar Naraguta da ke hanyar Bauchi ko na cikin gari, a cusa musu takarda a ciki, kada a ɗaure su a leda har tsawon kwanaki.

Yanzu abinci, wanda a ganina nan ne ranar ruwa ta fi ranar rana daɗi a Jos. Ƙa'ida ɗaya ce za ta tsare cikin yaranki: abin da aka sauke daga wuta a gabanki, yana tururi, shi za a ci. Da damina ruwan kwata yana malala cikin rijiyoyi, shi ya sa kwalara da taifod suka fi yaɗuwa a wannan lokacin, kuma ba ta tuwo mai zafi suke shigowa ba. Ta ruwan sha suke bi, da ƙanƙarar da aka jefa a fura, da zoɓo ko kunun zaƙi da aka ɗura a tsohuwar gora, da salak da aka ɗauraye a ruwan bokiti ɗaya tun safe, da kankana ko abarba da aka yanka aka ajiye. Abin da ciwo, don latas da kabejin Jos suna da kyau, amma ki saya ki wanke da kanki in kin koma gida. Ruwan sha na gora mai hatimi, ki ji ƙarar murfin lokacin buɗewa. Sabulu ɗan ƙarami a jaka ya fi ruwan kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki amfani nesa ba kusa ba.

Da safe ki nemi masa, wato wainar shinkafa, a wurin da ake suyarta nan take, da miyar taushe ko ƙuli, a haɗa da kunun gyaɗa mai zafi. Ƙosai da soyayyen dankalin turawa da ƙwai wurin mai shayi su ma sun yi, a ce masa ya sa citta a shayin. Da rana kuwa, kada ku bar Jos ba ku sha gwaten acca ba. Ana dafa shi da ƙashi mai romo, a zuba acca, a sa alayyahu da yakuwa da gauta da albasa da attaruhu, wasu su ƙara dakakkiyar gyaɗa. Ɗan tsamin yakuwar da ɗacin gautar su ne daɗinsa, kuma yana ɗumama jiki ba tare da ya yi nauyi a ciki ba. Na kirki yana da kauri daidai yadda cokali zai ɗebo, ganyen bai dahu ya yi baƙi ba. In kika ji yashi a cokalin farko, mai dafawar ta yi gaggawar wanki ne, kada ki tilasta wa yara. Ki ce a rage musu yaji, ko a zuba nasu kafin a ƙara. Tuwon acca da miyar kuka ko ta kuɓewa shi ma ana samu, ya fi tuwon masara laushi. Farfesun kayan ciki ko na kan rago ya dace da la'asar ɗin da ruwa ya tsare mutum.

Jos gari ne na al'ummu da addinai daban-daban, akwai wuraren cin abinci da ke sayar da naman da Musulmi ba ya ci. Tambaya ba abin kunya ba ce a can, masu abincin sun saba, za su gaya miki gaskiya. In kina son hankalinki ya kwanta gaba ɗaya, wajejen titin Bauchi da layin Masallacin Juma'a cike suke da masu tuwo da masa da nama. Tsire da balangu sai yamma. Ko da an gasa an jera, ki ce a mayar miki a wuta ya yi zafi har ciki, ki bar ɗanyen kabeji da tumatir ɗin da ake yankawa a kai. Gasasshiyar masara sabuwa da dafaffiyar gyaɗa lokacinsu ne, kuma ga su a kowace kwana. In kin ci karo da atili ki saya wa yara su ɗanɗana. A ruwan ɗumi ake jiƙa shi har ya yi laushi. In aka sa shi a tafasasshen ruwa ƙanƙamewa yake yi ya ƙi nuna.

Idan duk da haka gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ake sayarwa a ƙunshi a kemis ya fi daidaito, ki sayi uku ko huɗu tun daga Kano. In gudawar ta zama tsararo kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko idonsa ya faɗa, asibiti kai tsaye, ko da ana ruwa.

Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da hadari ya fi saukowa, gidan tarihi na Jos ya isa ya riƙe yara awa biyu a ƙarƙashin rufi. An buɗe shi a 1952 ta hannun Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, akwai kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da zauren tukwane daga sassan ƙasar nan. Sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, a fili yake, a bar shi sai an samu sarari. Ku koma masauki kafin dare ya yi nisa, ku kuma bi shawarar mai masaukinku kan unguwannin da za ku shiga.

Saura kayan gwari, inda baƙi suka fi tafka asara. Kasuwar Farin Gada tana bakin hanyar Zariya, wato hanyar da za ku bi zuwa gida, don haka ku tsaya da safiyar tafiya. Wanda ya saya tun ranar farko ya bar su a but ɗin mota, ruɓa zai kai gida. Ki cire rai da sitiroberi, na lokacin sanyi ne, tumatir kuma da damina tsada gare shi ga ruwa a ciki. Kabeji, karas, koren wake da dankalin turawa su ne abin saye. Kabeji ki ɗaga ki ji nauyi, ki juya gindinsa: in wurin yankan ya yi baƙi ko yana yauƙi, ruɓa ta fara daga ciki. Kada ki bari a ɓare miki ganyen waje don ya yi kyau, shi ne rigarsa a hanya. Karas a yanke ganyensa, don yana zuƙe ruwan jikinsa ya yanƙwane. Koren wake ki karya ɗaya, in ya ɓalle da ƙara sabo ne.

Dankalin turawa yana bukatar ki tsaya a kansa. Daga Bokkos da Mangu ake kawo mafi yawansa, kuma Agusta lokacin haƙar na damina ne, yana da yawa a kasuwa amma ba ya jure ajiya kamar na rani. Ki murza fatarsa da babban yatsa: in ta saluɓe, an haƙe shi bai ƙosa ba, sai a cinye cikin mako guda. Kada ki sayi buhu a ɗinke. Ki sa a juye a ƙasa ko a baro, ki ga na tsakiya da na gindi, ki ce a yanka biyu ko uku. Idan kin ga tabo ja-ja mai duhu yana shiga daga ƙarƙashin fata, cutar da ke ƙone ganyen dankali da damina ce ta kai ga 'ya'yan, kuma za ta ci gaba a cikin buhu. Guda ɗaya mai laushi da wari yana iya ɓata na kewaye da shi cikin kwana biyu, musamman in an fito da shi daga sanyin Jos an shiga zafin Kano. Wanda fatarsa ta yi kore rana ce ta taɓa shi, yana da ɗaci da guba, a ware shi. Kada a wanke, ƙasar jikinsa ba ta cutar da shi, ruwa ne ke cutarwa. A zuba a buhu mai raga ko kwando, ban da leda. Ga gida mai mutum biyar, rabin buhu ya fi cikakke hikima a wannan watan, sai dai in rabawa za ki yi.

Wurin loda mota, dankali a ƙasa, karas da wake a sama, kabeji a gefe inda ba za a danne shi ba, acca da kayan sawa kuma a cikin mota nesa da duk abin da ke ɗiga. Ku tashi kafin ƙarfe 10 don ku wuce Jengre da Saminaka da dajin Falgore da rana tsaka. Da kun isa gida, kafin a huta, a juye dankalin a shimfiɗa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da albasa, a tsince duk wanda ya ƙuje ko ya jiƙe a fara dafa shi a daren.